Ɗan da Inna Ba Ta Ƙirga Ba

Ranar Juma'ar da ta wuce wasu 'yan mata uku suka same ni a ɗakin matar yayana a unguwar Darrasa ta Alƙahira, suka ce in nuna musu ƙofar da ake bi a shiga aikin tafinta. Wadda ta fi su baki ta ce, "Anti Sa'adiya, ai aikinku hutu ne. Mutum ya faɗa da Hausa, ki juya da Larabci, a kawo miki shayi." Na taya su dariya, amma wannan ba amsar da ake bayarwa a zama ɗaya ba ce. Shi ya sa na ce su bari in rubuta musu. To ga shi nan, ku karanta. In kun gama, wadda take so har yanzu ta zo.

Ni 'yar Zariya ce, iyakar karatuna sakandare. Mahaifiyata Bahaushiyar Sudan ce daga wajen Nyala, a bakinta na tashi da Larabcin can, musamman na faɗa da na ciniki. Yayana ya samu gurbin karatun addini a Alƙahira, matarsa ta haihu, aka turo ni reno. Babu wanda ya turo ni aikin kotu.

Aikina na farko a layin wani asibiti na yi shi, ban ma san aiki ba ne. Wata mata ta kasa gaya wa likita abin da ke damunta, tana ta nuna ciki tana cewa kamar ana murɗa tsumma, sai na shiga tsakani na juya mata. Da muka fito wani dattijo mai farar jallabiya da sanda ya tare ni. Ya ce, "'Yata, ita ta ce kamar ana murɗa tsumma, ke kin ce wa likita ciwo mai tsanani. Ina kika kai tsumman?" Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce, "Ba ɗaya ba ne. Amma kunnenki na da kyau." Wannan shi ne Baba Tijjani, mutumin Gadarif ta Sudan, tafintan wani ƙaramin ofishin lauyoyi a unguwar Mohandessin. Ofishin na karɓar jawaban mutanen da yaƙin yammacin Sudan ya koro, yana tsaya musu a gaban wata babbar kotun laifukan yaƙi da ke can Turai. Akwai abubuwan da mace ba ta faɗa a gaban namiji ko da kansa ya yi fari fat, shi ya sa yake neman mace.

Bai sa ni gaban kowa ba sai da ya wahalar da ni son ransa. Yakan kunna rediyo ya ce in bi mai labarai ina juyawa. Yakan kai ni kasuwa, mu tsaya kusa da masu cinikin albasa, ya ce in juya masa har zagin. In na tsallake zagi sai ya buga sandarsa a ƙasa. Dokokinsa ba su da yawa. In mai magana ya ce "ni", ke ma "ni" za ki ce, ba "ta ce" ba. Ba kya gyara wa mutum magana, in ta fito a karkace, a karkacen za ki miƙa ta. Duk abin da aka furta a ɗakin, ko wa ya furta, ko da gunaguni ne daga bakin ƙofa, sai kin juya shi. In kuma ya zama dole ki yi magana da bakin kanki, ki ɗaga hannu ki ce, "Tafinta ce ke magana," ki taƙaita, ki koma wurinki.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Ƙaramin littafi, biro biyu don ɗaya zai mutu miki a tsakiyar magana, gorar ruwa, da hankici wanda ba don ke kike ɗauke da shi ba. Waya ana kashe ta a bar ta a ofis. Shafukan da kika yi rubutu a kai ana yage su a miƙa wa lauya kafin ki fita. Wurin zama ma kayan aiki ne. A ɗan gefe kike zama, don mai magana ya kalli lauya ba ke ba. In ya soma kallonki, ke zai riƙa ba labarin, kuma zai riƙa tsallake duk abin da ya san Bahaushe ya riga ya sani.

Wannan "ni" ɗin shi ne nauyin aikin. Da bakina na ce an ƙone mini rumbu. Da bakina na ce na ɓuya a cikin rijiya ina jin muryar mijina a sama har ta ɗauke. Sai a ce an gode, ki wanke fuska, ki fita ki tari mota, yaron mota na ta kiran sunan unguwa kamar ba abin da ya faru a duniya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Masu zuwa iri-iri ne. An yi wani tsoho da aka tambaye shi ranar da aka shigo ƙauyensu, ya faro daga kakansa da ya baro Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka. Lauyar ofishin, Ustaza Nadiya, 'yar Misira ce mai saurin magana da saurin tafiya. Ta kalli agogo, ta kalle ni. Ni kuwa ina ta juyawa, don ba ni da izinin tsallake kakan. Sai bayan la'asar muka iso ranar. Matan ƙauye kuma ba ruwansu da kwanan wata. Za su ce miki lokacin da gero ya fara fitar da kai, ko bayan ƙaramar salla da kasuwa biyu. Ki juya haka, kada ki ce Satumba. Satumba aikin lauya ne.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Inna Kaltume. Ba sunanta ba ne, ni na sa mata. Tana zaune a unguwar Arba wa Nus, a ɗakin sama na wani gini da ba a ƙarasa ba, tana soya gyaɗa tana ƙullawa a leda, 'yarta Zahra'u na kaiwa bakin titi. Ƙafafunta ba sa son hawa da sauka, don haka mu muka je mata. Ta shimfiɗa mini tabarma, Ustaza ta zauna a kan wani bokitin fenti da aka kifa, Zahra'u na bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa.

Labarinta gajere ne. Mahara sun shigo da safe a kan motoci, suka tara samarin unguwa a gindin wata bishiya, kwamandansu na tsaye yana nuna wanda za a fitar. Tana leƙe ta kafar zana ta ga an fitar da wani saurayi an harbe shi. Duk tsawon labarin "yaron nan" take ce masa. Ustaza ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Inna ta ce huɗu, ta jero sunayensu, duk suna raye. Ina cikin juyawa sai Zahra'u ta ce daga bakin ƙofa, a hankali, ba ta ko ɗago kai ba, "Inna, ba ki sa Yaya ba."

Inna ta ce, "Ke, yi ɓararki."

Ba da ni suke ba, ba da Ustaza suke ba. Amma an furta a ɗakin, don haka na juya duka biyun. Ustaza ta ajiye biro ta ce, "Wane ne Yaya?" Inna ta ja mayafi ta rufe baki tana kallon tabarma. Sai na ɗaga hannu na ce tafinta ce ke magana. Na ce a wajen mutanenmu, musamman tsofaffi, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kakarsa ke ɗauke shi da an yaye shi, kuma in aka ce ta ƙirga 'ya'yanta daga na biyu take farawa. Na ce ban san ko haka ne a nan ba, sai a tambaye ta. Na sauke hannu.

Ustaza ta ce, "Hajja, saurayin da aka harbe a gindin bishiya, mene ne shi a gare ki?"

Inna ta sauke mayafin daga bakinta. Sannan ta ce, "Wan Zahra'u ne. Ciki ɗaya."

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ya isa. Aka rubuta ta a matsayin uwar wanda aka kashe, aka aika kotu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. An kama kwamandan an kai shi kotun, muna ta murna, ashe a nan wahalar za ta fara. Yana da dangi da tsofaffin yaransa a Alƙahira, a unguwannin da masu ba mu jawabi suke zaune, shago ɗaya suke sayen burodi. Mutane suka daina ɗaukar waya. Wasu suka tashi ba sallama. Wata mata da na sha zama da ita ta hango ni a hanya ta tsallaka titi. Baba Tijjani ya samu shanyewar ɓarin jiki ya kwanta. Aiki ya tsaya cak, har na koma goge-goge a gidan wasu mutane a Mohandessin, ina hango tagar ofishinmu daga inda nake shanya.

A cikin wannan hali Ustaza ta kira ni. Na same ta da wata takarda mai kauri daga lauyoyin kwamandan. Sun tono wani tsohon jawabi da Inna ta bayar a sansanin bakin iyaka lokacin da ta fara gudowa, da guntun Larabcinta, ba tafinta. A can ta ce 'ya'yanta huɗu, duk da rai, wanda aka harbe kuma yaron gidansu ne. Suka ce ga ƙarya nan a fili, a iyaka 'ya'ya huɗu, a Alƙahira biyar. Suka ce wani ne ya koya mata ta ƙirƙiri ɗa, ba ta ma taɓa faɗin sunansa ba, kuma ba inda aka rubuta ta yi kuka. Suka nemi a cire ta daga cikin waɗanda kotu ta yarda an cuta, a kuma jefar da abin da ta ce ta gani. Ita kaɗai ce a hannunmu da ta ga fuskar kwamandan a gindin bishiyar nan.

Na ce, "Ustaza, ai al'ada ce, kowa ya sani."

Ta ce, "Kowa a Zariya. Alƙalan nan ɗaya daga Asiya yake, ɗaya daga Turai, ɗaya daga Amurka ta Kudu. Ba wanda ya taɓa jin uwar da ba ta ƙirga ɗanta. Ni kaina sai a kan bokitin fenti na ji. Sabiƙa nake bukata."

Sabiƙa ita ce hukuncin da wata kotu ta riga ta yanke a kan matsala mai kama da taka. A makonnin nan na koyi yadda ake aiki da ita, don Ustaza in tana karatu magana take yi ita kaɗai, ni kuma ina zaune. Kotunan nan na duniya ba a jere suke wata a saman wata ba. Kowacce da dokar da ta kafa ta, kuma dokar nan ita ce farkon abin da alƙalanta ke dubawa. Hukuncin wata kotu daban ba ya ɗaure su. Amma laifukan iri ɗaya ne, matsalolin shaidu ma iri ɗaya, shi ya sa in suka ci karo da abin da dokarsu ba ta warware ba, sai su leƙa su ga yadda na gabansu suka yi. In dalilin ya gamsar da su, su ɗauka, su faɗi daga inda suka ɗauko. In bai gamsar da su ba, su ajiye, su faɗi abin da ya sa.

Na kai wa yayana wannan bayani muna cin abinci. Ya lashe hannu ya ce, "Wato Bamalike ne ya leƙa littafin Shafi'awa. Ba dole ya bi ba, amma in hujjarsu ta yi ƙarfi zai ji nauyin rufe littafin." Matarsa ta ce, "Kai dai komai sai ka mai da shi darasi. Miƙo miyar." Washegari na gaya wa Ustaza, ta ce in gaya masa akwai kujera a ofis duk ranar da ya gaji da Darrasa.

Sabiƙar da ta samo daga kotun da aka kafa bayan kisan Ruwanda ce. Alƙalan can sun sha fama da shaidu mutanen karkara, waɗanda ba sa riƙe kwanan wata ko nisan wuri, masu kewaye-kewaye in tambaya ta yi musu nauyi. Ba su yi saurin kiransu maƙaryata ba. Sun saurari masani a kan yadda mutanen ƙasar ke ba da labari, sannan suka auna maganar shaidun da wannan a ransu. Ustaza ta rubuta ta aika. Lauyoyin kwamandan suka mayar da amsa cewa Ruwanda daban, Sudan daban, wancan hukunci bai ɗaure kowa ba a nan, kuma ba inda ya ambaci ɗan fari.

Na ɗauka za ta fusata. Sai ta dafa tebur tana murmushi ta ce, "Tamam, gaskiya suka faɗa. Ba amsar muke ara ba, hanyar muke ara. Can sun nemi hujja a kan al'adar kafin su yanke. To mu kawo tamu." Wata malamar jami'a a Nijeriya da ta yi bincike a kan al'adun haihuwa ta yarda za ta rubuto bayani. Za a sake ɗaukar jawabin Inna, wannan karon a bidiyo. Ni kuma Ustaza na so in rubuta abin da ya faru a ɗakin ranar nan, wa ya ce me, in sa hannu, don a ga ba wanda ya koya wa Inna komai.

Ban riga na ba ta amsa ba abin motar ya faru. Ina dawowa daga Arba wa Nus da rana tsaka a ƙaramar bas, cike da mutane. Wani mutum na zaune a bayana, ban ga shigowarsa ba. Ya sunkuyo ya yi mini magana da Hausa, Hausa mai kyau, a hankali kamar mai tambayar hanya. Ya ce, "Sa'adiya, ya yaron yayanki? Na ga an sa shi makaranta." Ya ɗan jira, ya ce, "Aikin goge-goge ya fi miki lafiya." Ya ce wa direba ya tsaya, ya sauka. Ban ga fuskarsa ba, takalminsa kawai na gani, baƙi, an goge shi tas. Na wuce inda zan sauka ban sani ba. Har yau ba na zama a mota in da kujera a bayana, gara in tsaya a rana in jira wata.

Na je wurin Baba Tijjani na gaya masa. Yana kwance, bakinsa a karkace, magana na fita da ƙyar. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Ya ce, "Ki gaya wa Ustaza kamar yadda kika gaya mini. Har takalmin." Na gaya mata. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, sannan ta janyo wani kundin. Ta ce kotun da ta yi shari'ar yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, tun a shari'arta ta farko, ta yarda a ɓoye sunan mai ba da shaida daga jama'a in tsoronsa na da tushe, kuma tamu kotun ma dokarta ta ba da dama. Za ta nemi a sa mini lamba maimakon suna, a shafe sunan unguwarmu da baƙar tawada. Ta ce, "Ba zan ce miki ba haɗari ba. Mutumin ya riga ya san ki. Abin da zan iya shi ne kada takarda ta ƙara masa komai, kuma in sanar da kotu abin da ya yi." Yayana bai yi dogon zance ba, ya nemo mana wani gidan a wani lungu bayan masu sayar da littattafai, aka canza wa yaron makaranta. Na rubuta abin da na ji a ɗakin Inna. Sa hannun ya fito kamar na mai koyon rubutu, amma ya fito.

Ranar bidiyo Ustaza ta fito da niyyar sai Inna ta faɗi sunan, ko sau ɗaya ne, a huta. Muka biya ta wajen Baba Tijjani a hanya. Ya ce mata, "Ustaza, in ta faɗa da sauƙi, su suka ci. Ki tambaya, kada ki matsa." Muka hau ɗakin Inna aka kafa kyamara, na zauna a gefe.

Ustaza ta ce, "Hajja, ya sunan ɗanki na fari?"

Inna ta kalli kyamara, ta kalle ni, ta ce, "'Yar nan, gaya mata ta tambayi wani abin."

Na juya haka, har da "'yar nan".

Ustaza ta ce, "Me ya sa ba za ki faɗa ba?"

"Tunda na haife shi ban faɗa ba. Uwata ma ba ta taɓa faɗin na yayanmu ba har ta koma ga Allah. Yanzu da ba ya nan zan soma?"

"A iyaka kin ce 'ya'yanki huɗu."

"An tambaye ni, na faɗa. Wa ke ƙirga na fari? Na kakarsa ne. Ni dai na haife shi." Ta gyara zama. "A damina na haife shi, a ɗakin uwata. Yana da tabon ƙuna a gwiwar hagu, kunu ne ya zubo masa yana rarrafe, ina kallo ban ɗauke shi ba, don surukata na wurin. Da suka tafi ranar nan, mata suka fita suna kuka, kowa na kiran nata. Ni na je na zauna kusa da shi. Na rufe masa ƙafa da zanena, don rana."

Na kurɓi ruwa na ƙarasa juyawa. Ustaza ta ce wa Zahra'u ta faɗi sunan wanta. Zahra'u ta faɗa, cikakke, har da na ubansu. Ustaza ta ce, "Hajja, shi ne?" Inna ta rufe fuskarta gaba ɗaya da mayafi. Daga cikin mayafin ta ce, "Shi ne."

Muka aika, muka jira har sanyi ya shigo ya fita. Watan da ya wuce hukuncin ya zo. Ustaza ta kira ni a waya, ban gane abin da take cewa ba don sauri, sai "yalla, yalla" kawai nake ji, wato in yi maza in zo. Alƙalan sun ce hukuncin Ruwanda bai ɗaure su ba, amma hanyarsa mai kyau ce, kuma sun bi ta. Sun karanta bayanin malamar, sun karanta nawa, sun kalli bidiyon. Sun ce bambancin jawabin iyaka da na Alƙahira al'ada ce ta kawo shi, ba ƙarya ba. Inna na nan a cikin shari'a, abin da ta gani na nan. Batun mutumin mota ma sun sa a bincika. Shari'ar kwamandan ba ta ƙare ba, ban san yadda za ta ƙare ba, kuma mai baƙin takalmi yana nan wani wuri a garin nan. Amma kwanan nan wani lauya da ke aiki a wata kotun, a wata ƙasar Afirka daban, ya rubuto wa Ustaza yana neman hukuncin, don yana da wata mata da ta ƙi faɗin sunan mijinta. Ustaza ta ce, "Kin gani, yanzu mu ake ara." Maganar da Zahra'u ta yi tana ɓarar gyaɗa ta zama sabiƙa. Na gaya wa Baba Tijjani, ya yi ta dariya da rabin bakinsa har sai da aka ba shi ruwa.

Ni da Ustaza muka kai wa Inna hukuncin. Tasi muka ɗauka har ƙofar gida, don ranar ban iya bas ba. Muka same ta a gaban kasko. Ta sauke, ta goge hannu, ta zauna. Ustaza na karantawa ina juyawa. Takardar doguwa ce, Inna na saurare ba motsi. Ta bar Ruwanda ta wuce, ta bar malamar jami'a ta wuce. Da muka kai ƙarshe ta ce, "Ban gane ba, 'yar nan. Nawa suka rubuta?"

Na juya wa Ustaza. Ustaza ta ɗaga hannu ɗaya, yatsun duka a ware.

Na ce, "Biyar, Inna."

"Manyan alƙalan?"

"Su ukun duka."

Inna ta daɗe tana kallon hannun Ustaza. Zahra'u ta soma kuka a bakin ƙofa, Inna ta ce ta yi wa mutane shiru. Sannan ta gyara mayafinta, ta ɗago kai, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "To. Ku shaida, su suka ƙirga, ba ni ba."